Ƙwayar da Ke Shigo Mana da Sunan Magani

Jama'ar Dutsen Kura, ta Hausa da ta Gwari, mun iya kukan 'yan daba. A watan Afrilun 2025 sai da Gwamna Umaru Bago ya hana 'yan acaba da masu Keke Napep zirga-zirgar dare a Minna saboda sara-suka. Amma abin da yaran nan ke sha kafin su ɗauki wuƙa, wa ya sayar musu? Ba aljani ba ne. Ɗan unguwa ne, a sahu ɗaya muke sallah da shi.

Tiramol, kodin, roci, duk magunguna ne da doka ta ce sai da takardar likita. Tiramol da aka amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a hannun dillalai kuwa ya kai 225. Ɗan acaba ya sha don ya jure rana, lebura ya sha don kada ya ji nauyin bulo. Jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, a koma biyu. Ranar da ya rasa sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci, har ya ɗauka zazzaɓi ne. Idan ya zarce kuma, ya faɗi yana jijjiga, mu ce iska ce ko sammu, mu nufi gidan mai ruƙiyya.

Kada mu ɗora wa samari kaɗai. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a Najeriya, kuma a cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Ita ba ta zama a kango. Tana ɗaka, ta juye kodin a robar lemo, kishi ko baƙin cikin aure na cin ta, maigida bai ma lura ba. An haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, amma har yau hukumar NDLEA na kama shi katan-katan.

Iyaye, rufa wa mai shaye-shaye asiri cuta ne. Wanda ƙwaya ta kama majinyaci ne, duka da mari ba sa cire ta daga jini. Mun ga halin da aka samu mutum sama da 300 a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. A kai majinyacin asibiti. Babban Asibitin Minna na kusa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na nan a Barnawa ta Kaduna. Kuma kada a raba mai shan roci da ita rana ɗaya ba likita, hakan ma na iya jawo jijjiga.

Mai unguwa da limamai, kun san kemis ɗin da yara ke yi wa layi bayan isha'i. Ku kira mai shi ku ja masa kunne. In ya ƙi ji, a kai sunansa ofishin NDLEA, ko ɗan wane ne.