Kaza da 'Ya'yanta: Alama ce ko Duba?

Manoman Gwarzo da Kabo suna yawan tambaya: ya halatta a dubi Kaza kafin shuka?

Kaza ita ce Surayya a Larabci, kuma an ruwaito daga Mujahid cewa da ita Allah Ya rantse a farkon Suratun Najmi. Da ido shida ko bakwai za ka ƙirga. Galileo ya zana 36 a 1610, yau an gano sun haura 1,000, duk daga gajimaren ƙura da iska guda aka halicce su kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Yara ne fa, don rana ta kai biliyan 4.6. Masana na gane 'yan ɗaki ɗaya ne saboda nisansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. Sunan da kakanninmu suka raɗa mata ya dace wallahi.

To, in ka ga Kaza ta ɓace a yamma wajen Mayu ka ce damina ta kusa, alama ka karanta, babu laifi. Amma cewa ita ke saukar da ruwa, Annabi (SAW) ya kira shi kafirci a Hudaibiyya, a hadisin Zaidu bin Khalid cikin Bukhari da Muslim. Wallahu a'alam.