Rabon Wa Ne Gidan Gwamnati?



Duk magidancin da ke zaman haya a Agege ya san abin da ake kira ƙarewar kuɗin ɗaki. Mai gida ya ƙara, ejan ya ɗora nasa, ga mata da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya, bayi guda na mutum talatin. Shi ya sa duk lokacin da aka ji gwamnati ta gina gidaje, sai magana ta tashi a majalisu. Wasu su ce ba namu ba ne, mu baƙi ne. Wasu kuma su ce a nemo hanya a samu ko ta ƙaƙa. Mu a ganinmu duka biyun akwai gyara.

Mu fara da na farko. Gidan talaka daga hannun hukuma ba sabon abu ba ne a Legas. Tsakanin 1979 da 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Abesan, Amuwo-Odofin, Iponri, Oke-Afa da sauransu, har yau mutane na cikinsu. A garin nan kuma aka rushe Maroko a watan Yulin 1990, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba matsuguni. Kun ga ke nan hukuma ta iya ginawa, ta iya rushewa. Abin tambaya shi ne, wa take ɗauka nata?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya sa samar wa 'yan ƙasa wurin zama mai dacewa cikin manufofin gwamnati, duk da dai babin da yake ciki ba wanda ake kai ƙara kotu a kansa ba ne. Sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar. Ba a ware Bahaushe ba, ba a ware Bayarabe ba.

Ɗan gari zai iya cewa, “Ƙasar kakanninmu ce, ku kuna da garinku.” Kada mu raina maganar nan, don shi ma 'ya'yansa na fama da haya, kuma ba shi da wani Legas ɗin da zai koma. Amma gidan gwamnati ba da gadon kowa aka gina shi ba, da haraji aka gina shi. Mai turin baro a Mile 12, da mahauci a Oko-Oba, da mai sayar da goro a bakin titin jirgi, kullum sai sun yanki tikiti. Wanda aka karɓi kuɗinsa ranar tarawa, ba adalci ba ne a kira shi baƙo ranar rabo. Sai dai fa ma'aunin nan baki biyu gare shi. In mun yarda da shi a Agege, dole mu yarda da shi ga Bayarabe da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano. Wanda ya ƙi wannan, bai da bakin neman wancan.

Gaskiya ma, abin da ya fi tare mu ba ƙabila ba ne, takarda ce da kuɗi. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 an ɗora shi ne kan cire kashi biyu da rabi cikin ɗari daga albashi, mu kuwa yawancinmu ba 'yan albashi ba ne. Shirin LagosHOMS na 2014 ya nemi katin zama na LASRRA da shaidar biyan haraji, sannan a fara ajiye kashi 30 cikin ɗari na kuɗin gidan, sauran a biya cikin shekara goma. Da aka kawo tsarin haya har ka mallaka a 2016, an sauko da kuɗin farko zuwa kashi 5. An rage nauyi, amma mai gadi da ɗan dako har yanzu daga nesa suke hange. Gidan da aka ce na talaka ne amma talaka ba ya iya taɓa shi, ai suna ne kawai.

Ita kuma ƙaramar hukuma, wadda ta fi kowa sanin ƙofar shagonmu, tsarin mulki ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshi da maƙabartu, har da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Wannan na ƙarshen mu nawa ne muka taɓa tambayar kansila a kai? Tsohon da ya ƙarar da ƙarfinsa a garin nan, yau yake kwana a barandar masallaci, haƙƙinsa a rubuce yake.

To, mu dawo kan magana ta biyu, wadda ta fi kusa da mu. A ce an buɗe ƙofar, wa ya kamata ya shiga? Akwai mai gida biyu a Katsina da fili a Kaduna, amma in ya ji ana raba fom, shi ne a gaban layi. Akwai mai sa sunan yaronsa, in gida ya fito ya zuba 'yan haya. In ka yi masa magana ya ce, “Ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba.” Nan kuskuren yake. Dukiyar jama'a ta kowa ce, shi ya sa cin ta ya fi cin ta mutum ɗaya haɗari. Wanda ka cuta kai tsaye ka san ƙofarsa, za ka je ka nemi yafiya. Amma bazawarar da ka tare wa gurbi, ba ka san ta ba, ba ta san ka ba. A ina za ka same ta? Samun hanya daban, cancanta daban.

Haka ma masu gidajen haya a cikinmu. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ana neman na shekara biyu a unguwar nan, Bahaushe daga hannun Bahaushe. Zango kuwa da saukar baƙi aka san shi. Iyayenmu fatake sun zo da shanu sun koma da goro, mai gida ne ke ba su masauki da abinci, ya tsaya musu a ciniki. Ba mu ce a ba da ɗaki kyauta ba, gini kuɗi ne, kuma mai gida na da nasa iyali. Amma tsakanin riba da matsa wa wanda ba shi da mafita akwai tazara, kowa ya san ta a zuciyarsa.

Saboda haka mu nemi haƙƙinmu da hannu mai tsabta. Mu yi katin zama, mu biya haraji mu adana rasit. Shugabannin unguwa su rubuta sunayen tsofaffi da zawarawan da ba su da makwanci, a kai wa ciyaman a rubuce, ba a tsaya jiran lokacin zaɓe ba. Mai hali ya bar fom ga marar hali, in da ƙarfi ma ya ware ɗaki ɗaya ya yi waƙafi. Ranar da muka tsaya gaban hukuma muna cewa a yi mana adalci, kada a samu mai nuna mana yatsa ya ce ku fara yi wa junanku.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa matsuguni na halal. Amin.