Masai a Tudu, Rijiya a Kwari

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ke yaɗuwa a unguwanninmu na Yawunde ta Biyu, daga Nkomkana har Briqueterie, kuma dole a kira ta da sunanta: shayar da maƙwabci ƙazanta. Da zarar hadari ya haɗo, ruwa ya kece, sai wani magidanci ya buɗe bakin masai ya sake shi cikin kwata, wata ta kinkimo sharar mako guda ta antaya a lambatu, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Yawunde garin tuddai ne. Abin da na sama ya saki da daddare, kafin kiran assalatu ya isa ƙofar gidan na kwari, yana tsiyaya cikin rijiya marar murfi wadda igiyar guganta ba ta fi gaba uku ba. Da ruwan nan ake alwala, da shi ake wanke farantin tsire, da shi ake dama kunun yaye.

Kada wani ya ce bai san sakamakon ba. Kwalarar da ta ɓarke a Kamaru a watan Oktoba na 2021 ta iso Yawunde da ƙarfi a 2023, kuma unguwanni masu cunkoso irin namu ne abincinta. Taifot kuwa ya zama ɗan gida, har mutane sun daina tambayar daga ina yake zuwa, sai dai a sayi magani a bakin titi a haɗiya. Kwatar da ta toshe ta zama gidan sauro. Ledar da aka haramta tun 2014 da gorunan roba su cika ƙoramun Abiergue da Ekozoa, su gangara kogin Mfoundi, su shaƙe magudanar da aka gina da kuɗin Bankin Raya Afirka, sai ruwa ya haura titin Kennedy ya shiga shaguna. Mai shagon nan bai taɓa ganin wanda ya zubar da sharar ba, amma shi ke biyan asarar.

Sai dai laifin bai tsaya kan talaka ba. Me ya sa mutum ke shan rijiyar da ke taku biyar da masai? Saboda famfonsa ya bushe. Wa zai kai wa kuka? A nan ne abin takaicin yake. Ƙasar nan tana da dokar ruwa tun 14 ga Afrilu 1998. Tana da Ma'aikatar Ruwa da Makamashi. Bututu na kamfanin Camwater ne, manyan magudanai na magajin garin Yawunde, tsaftar unguwa ta ƙaramar hukuma, kwashe shara na kamfanin da aka ba kwangila, cuta kuma ta ma'aikatar lafiya. Dokar 2019 ta rarraba iko ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ruwan sha da tsafta, amma nauyi ba ya ɗaukuwa da takarda idan kuɗi bai biyo shi ba. Ruwa ɗaya ne yake bin gangare, masu iko da shi sun fi biyar, kowannensu yana nuna ofishin da ke gaba. Jifa ya wuce kan kowa, ya faɗa kan mai ɗaukar jarka.

Sunayen masu kula da famfo kam an sauya su. Da SNEC ce. A 2005 aka kafa Camwater, a 2008 aka miƙa rabon ruwa ga CDE ta 'yan Maroko, a 2018 aka karɓe aka mayar wa Camwater. A 2024 aka buɗe babban aikin janyo ruwa daga kogin Sanaga, wanda bashin ƙasar Sin ya gina, mai iya tace kubik mita 300,000 a rana, ƙari kan na Akomnyada da ke kan kogin Nyong. Aiki ne babba, ba mai musu. To amma ruwan Sanagar da aka tace a Batchenga me ya tsinana wa matar da ke lungun da bututu bai taɓa shiga ba, ko wadda nata ya tsufa yana zuba a ƙarƙashin kwata?

Inda hukuma ta bar gurbi, sai kowa ya zama hukumar kansa. Mai hali ya haƙa burtsatse a tsakar gida, ya sa tanki a sama, yana sayar wa layin yara jarka-jarka. Wa ya auna ruwan? Wa ya duba nisansa da masan maƙwabta? Ana kiransa taimako, wani lokacin ma sadaka ce da gaske, amma niyya mai kyau ba ta kashe ƙwayar cuta. Kuma da masu faɗa a ji sun wadatu da nasu tankin, bakin da zai matsa wa hukuma kan famfon jama'a ya mutu ke nan.

Wanda ke ganin ana zuzuta magana ya tuna Mbankolo, a cikin wannan ƙaramar hukuma tamu. A ranar 8 ga Oktoba 2023, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon wani tsohon tafki ya ɓalle, laka da duwatsu suka rufe gidajen da ke gangare, kusan mutum 30 suka rasu. Tafkin ba a ɓoye yake ba, gidajen ma ba da dare ɗaya aka gina su ba. Kowa ya gani, kowa ya ɗauka aikin wani ne.

Hanyar da muke kai ke nan. Jama'a na ƙaruwa, masai na matsowa kusa da rijiya, ana cike fadama ana aza bulo a kan hanyar ruwa. Limamai da ke karantar da babin tsarki, yaushe za su ce daga kan mumbari sakin masai a kwata zalunci ne? Masu unguwa da suka san kowane gida, me ya hana su kai sunan mai yi gaban ƙaramar hukuma? Kansilolin da muka zaɓa, wanne ne ya taɓa kawo mai gwajin ruwa bakin rijiyoyin Nkomkana ya karanta wa mutane sakamakon? Damina mai zuwa za ta tarar da kwatocin nan a toshe, asibiti kuma ba shi da gadon da zai ɗauki unguwa guda a mako ɗaya.