WAHALAR DA KA SAYA DA KUƊINKA, SHIN TANA DA LADA?



Akwai wata gasa da ake kira Ironman, tsere uku a haɗe cikin yini guda. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo na kilomita 3.8, ya fito ya hau keke ya tuƙa kilomita 180, kusan tsawon hanyar Kano zuwa Katsina, ya sauka ya ɗora da gudun fanfalaki na kilomita 42. A al'ada awa 17 ake bayarwa, wanda ya wuce haka ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. An fara ta a 1978 a tsibirin Oahu na jihar Hawai a Amurka, mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe.

Abin da ya ja hankalina shi ne, mafi yawan masu shiga ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, likitoci, 'yan kasuwa. Sun san ba za su zo na ɗaya ba, kuma su ke biyan kuɗin shiga. A Fabrairun 1982 wata ɗaliba mai shekara 23, Julie Moss, tana kan gaba a ɓangaren mata, saura 'yan taku ta gama, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, wata ta zo ta wuce ta, ita kuwa da rarrafe ta ƙarasa. Hoton wannan rarrafen ne ya yayata gasar a duniya.

To, na san abin da manomi a Kanya Babba zai ce in ya ji wannan labari: ƙoshi ne. Mutumin da ya yini a sunkuye yana noman gero, washegari ya ɗaure buhu a bayan keke ya nufi kasuwa cikin rairayi, ka ce masa wani ya biya kuɗi don ya wahala? Dariya zai yi. Ni ma ban raina maganarsa ba, domin tambayar da ke cikinta mai nauyi ce: wahalar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan tana da wata daraja?

Mu fara da abin da ba a saɓani a kai. Tsere halal ne. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Salamatu bin Akwa' (RA) ya shahara cikin sahabbai da gudu. Wanda ya ce motsa jiki wasan banza ne, bai karanta sira da kyau ba.

Amma fa ita wahala a karan kanta ba ibada ba ce. Annabi (SAW) ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu na rirriƙe da shi, aka ce ya yi bakancen tafiya a ƙafa ne, sai ya umarce shi ya hau abin hawa, ya nuna Allah ba ya buƙatar azabtar da kai. Haka Abu Isra'ila da ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama ba magana, yana azumi: aka ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ka lura, an bar masa azumi, an cire masa tsayuwar rana. Kakanninmu sun taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu zuriyarsu na Sudan har yau. Darajar wannan tafiya daga inda aka nufa ta zo. Yau da jirgi ke tashi daga Kano zuwa Jidda, wanda ya ƙi hawa don neman ƙarin lada, gajiya kawai ya ƙara. Kun tuna 2015, bayan Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja, yadda tattaki ya zama yayi? Tambayar da ta dace da kowane mai tattaki ita ce: ina aka dosa, kuma don wa?

To me ɗan gasar nan zai samu? A ganina abu ɗaya ne babba. Yana kama zuciyarsa da ƙarya. Tun a kan keke take ce masa ka gama yawo, tsaya nan. Ƙafa ta ɗaure, ciki ya juya, rana ta faɗi yana tafe yana ɗingishi, sai ga shi ya ƙara awa biyar bayan ta rantse ba zai iya ba. Wanda ya ga haka da idonsa ya san "ba zan iya ba" sau da yawa "ba na so" ce ta sake riga. Wannan ilimi ne mai tsada, kuma hujja ne a kan mai shi. Wanda ya yi wata shida yana tashi ƙarfe huɗu na dare don atisaye, da wane baki zai ce Asuba a jam'i ta gagare shi? Wanda ya jure kilomita 180, me zai hana ya jure maganar matarsa ta minti biyar? In haƙurin ya tsaya a filin tsere, tsoka kawai aka gina.

Ga mai niyyar shiga, abu huɗu nake so ya auna.

Na ɗaya, Sallah. Gasar da ke farawa da sassafe ta kai dare za ta ratsa Azahar, La'asar da Magariba. Matafiyi na da rangwamen haɗa salloli, kuma akwai wurin sauya kaya tsakanin keke da gudu. Minti goma da ka rasa a nan ba asara ba ce.

Na biyu, sutura. Kayan wasan matsattsu ne, a nemi abin da zai rufe al'aura.

Na uku, lafiya. Ana mutuwa a irin wannan gasa, musamman a cikin ruwa. Jiki amana ne, a ga likita kafin a fara, in ya ce a bari a bari.

Na huɗu, haƙƙin iyali da niyya. Kuɗin keke da na jirgi kada su fito daga bakin yara. Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah: da an ce ba hoto, ba lambar wuya, ba wanda zai sani, za ka yi?

Kai kuma ɗan'uwana na Babura, Roni, Gwiwa da Kazaure, da wahala ta zo ta same ka har gida ba ka saya ba, kada ka raina taka. Fita neman halal don iyali, in an gyara niyya, ta fi kowace lambar yabo nauyi a mizani. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne na uku: matashi mai jini a jika, ba gona, ba filin motsa jiki, daga katifa sai majalisa, ga waya a hannu. Lafiyar nan za a tambaye ka a kanta.

Allah ya ba mu ƙarfin jiki da na imani, ya sa gajiyarmu ta zama a inda za ta amfane mu. Wallahu a'alam.