Fifita Na Baya a Wajen Ɗaukar Aiki: Adalci Ne ko Son Kai?

Tun da aka soma aikin ofis a ƙasar nan ake gardama a kan tambaya guda. In mutum biyu suka zo neman aiki ɗaya, wa ya kamata a ɗauka: wanda ya fi takarda, ko wanda aka bar mutanensa a baya?

Sai mun duba asali kafin mu yanke hukunci. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko cikin 1859. A Kano kuwa sai 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, watau shekara hamsin tsakani, kwalejin Katsina kuma sai 1922. Wanda ya riga ka barci, ya riga ka tashi. Saboda haka akawunan gwamnati da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya a Arewa yawancinsu mutanen Kudu ne.

Da Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ya zama Firimiya cikin 1954, sai gwamnatinsa ta ƙarfafa ƙa'idar cewa in gurbi ya samu, ɗan Arewa za a fara nema. In babu shi, a ɗauki Bature da yarjejeniyar 'yan shekaru, sa'an nan mutumin Kudu. Ba a tsaya nan ba, aka riƙa horad da samarinmu a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, domin su iya riƙe abin da za a danƙa musu.

To, mu ƙaddara samari biyu. Ɗaya ɗan Dukawuya ne, ya sauke Alƙur'ani, amma bai shiga elementare da wuri ba, ubansa ma sai a ajin Yaƙi da Jahilci ya koyi rubuta sunansa. Ɗayan an haife shi a Sabon Gari, iyayensa daga Kudu suka zo, ya kuma fi shi maki a jarrabawa. In an ɗauki na fari, lalle na biyun ya yi hasara, alhali bai yi laifin kome ba. Wannan gaskiya ce, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma in kullum maki kaɗai ake dubawa, 'ya'yan waɗanda suka riga shiga makaranta su ne za su gāji kujerun iyayensu har abada. Ba a kiran sukuwa ta gaskiya in an saki doki ɗaya tun wancan bai sha sirdi ba.

Ashe fifikon yana da hujja, sai dai da sharaɗi uku. Na fari, wanda aka fifita ya zamana zai iya aikin, ko a koya masa, gama magani a hannun wanda bai san shi ba guba ne, ko ɗan wane gari ne. Na biyu, fifikon ya tsaya a bakin ƙofa. Da zarar mutum ya shiga ofis, ƙarin girma da albashi da hutu sai a bi ƙwazonsa, kada a dubi harshensa ko addininsa.

Na uku shi ya fi nauyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A zamanin En'e, kafin a soke ta cikin 1976, sau da yawa ɗan hakimi ko baran babban gida ya kan sami aikin malanta, ɗan talaka mai takarda ɗaya da shi yana tsaye a zaure yana jira. Irin wannan yana cikin abin da jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano cikin 1950, ta yi ta kuka da shi. Hujjar da muka kai wa mutanen Kudu, cewa ba tare muka tashi ba, ita ce ɗan talaka yake kawo mana a gida. In mun karɓe ta can, ba mu da ikon ƙinta nan.

Tsarin mulki na 1979 ya sa a riƙa raba ayyukan gwamnatin tarayya tsakanin sassan ƙasa, cikin 1996 kuma aka kafa hukuma mai lura da haka. Amma doka jihohi take ƙirgawa, ba ta shiga lungu ta tambayi ɗan wane ne ya ci rabon Kano. In rabon ya ƙare a hannun 'ya'yan manya waɗanda tun asali ba a bar su a baya ba, an yi zalunci biyu: an hana baƙo mai ƙwazo, an kuma hana ɗan gida mabukaci, da sunansa aka karɓa.

Saboda haka, ya kai mai karatu da ka koyi baƙi da girmanka, ka sa ɗanka da 'yarka makaranta da wuri, domin su nemi aiki da ilminsu. In kuwa Allah ya ɗora ka a kan kujerar ɗaukar ma'aikata, ka tambayi kanka: wannan da na zaɓa, na baya ne da gaske, ko kuwa nawa ne kawai? Allah ya ba mu ikon yin adalci, amin.