Darasi: Gardama a Cikin Gida Ɗaya

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-41, Romawa 14:1-13.

'Yan'uwa, a shekara ta 1944, sa'ad da yaƙin Japan ya datse hanya, masu bi na garin Makawo, a bakin tekun ƙasar Sin, suka rasa wanda zai ba su Jibin Ubangiji. Sai Bishop Ronald Hall na Hong Kong ya ɗora wa wata mace hannu, sunanta Florence Li Tim-Oi, ta zama firist ta fari a cikin matan ikilisiyar Anglikan. Da yaƙi ya ƙare, gunaguni ya yi yawa, har ta ajiye takardar aikinta domin kada a yi tsaguwa saboda ita.

Tun daga ran nan maganar ba ta kwanta ba. Amurka ta naɗa mace bishop a 1989. Ingila ta naɗa mata firistoci a 1994, da bishop mace a 2015. A Afirka kuwa an naɗa Ellinah Wamukoya bishop a Swaziland a 2012. Amma ikilisiyar Anglikan ta Nijeriya ba ta naɗa mata firistoci, kuma da aka zaɓi Sarah Mullally a 2025 ta zama Babban Bishop na Kantabari, shugabanninta suka nuna ba su yarda ba.

Kada mu yi saurin cewa waɗansu sun yar da Littafi Mai Tsarki. Masu hanawa suna riƙe da 1 Timoti 2:11-12, suna kuma tunawa da cewa Ubangiji ya zaɓi manzanni goma sha biyu, dukansu maza. Masu yarda suna karanta Galatiyawa 3:28, suna nuna Fibi, baiwar ikilisiyar Kankiriya, da Bilkisu wadda ita da mijinta suka ƙara bayyana wa Afolos hanyar Allah.

To, dubi abin da manzanni suka yi da tasu gardamar, ta kaciya. Ba su zauna a Antakiya suna jifan juna daga nesa ba. Suka haura Urushalima, aka yi muhawara mai zafi, aka kasa kunne ga Bitrus, da Barnaba, da Bulus, kana Yakubu ya yanke magana wadda ba ta ɗora wa al'ummai kaya mai nauyi ba. Taron bishop-bishop na Lambeth na 1988 ya nemi bin wannan sawu, da ya roƙi kowace ƙasa ta girmama shawarar 'yar'uwarta.

Amma mu faɗi gaskiya, wannan magana ta fi ta cin nama a Romawa 14 wuya. Wanda bai yarda da bishop mace ba, ba zai yarda da firist ɗin da ta ɗora wa hannu ba, ko da namiji ne. Ashe kuwa gardamar ta kai har gaban teburin Ubangiji, inda ya kamata a ce gurasa ɗaya muke ci.

Ku lura da ƙarshen sura ta 15. Bulus da Barnaba suka rabu saboda Markus, amma daga baya Bulus ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus ɗin nan (2 Timoti 4:11). Bari mai bi da darasi ya tambayi jama'a: wane abu ne Bulus ya ƙi faɗa a ranar rabuwa, har ƙofa ta zauna a buɗe?