Ko Rabin Gaskiya Gaskiya Ce?

Ga wani zance da ake yi a gidaje da yawa. Uba ya sami labari ɗansa ya fara shan tabar wiwi. Ya kira shi zaure, ya ce masa, "Duk wanda ya sha wannan abu sai ya haukace, ya bi bola." Yaron ya sunkuyar da kai, amma a zuci yana ƙirga abokansa biyar da suka shekara uku suna sha, ba wanda ya tuɓe riga a cikinsu. Da ya fita sai ya ce wa ƙanensa, "Baba bai sani ba ne. Ai likitocin Turai sun ce magani ce."

Uban nan yana da kyakkyawan nufi, so yake ya ceci ɗansa. Yaron kuma ba shi ya ƙaga maganar ba, ya ji ta a rediyo ko ya gani a waya. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya. Tambayarmu a wannan wata ita ce: ko daidai ne mutum ya faɗi rabin gaskiya, ya ɓoye rabi, in dai alheri yake nufi? Kafin mu amsa, bari mu ji abin da masu bincike suka gano, gama ba a yanke shari'a sai an ji shaidu.

Shaidar da ke wajen yaron

Ba yau likitoci suka fara duban wannan ganye ba. A shekara ta 1839 wani likita mutumin Ailan, William O'Shaughnessy, wanda yake aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya ba da labarin yadda ya gwada shi a kan dabbobi, sa'an nan a kan marasa lafiya. Amma a zamanin nan ba wanda ya san abin da ke aiki a cikin ganyen. Sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, masana a ƙasar Isra'ila, suka ware sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC. Akwai kuma wani, CBD, wanda ba ya sa maye. Ganye ɗaya ne, amma abubuwan da ke cikinsa ba aikinsu ɗaya ba.

Likitoci sun koyi cewa shaidar mutum ɗaya ba ta isa a ce abu magani ne. Wani ya sha ya warke, amma watakila ko bai sha ba da ya warke. Domin wannan sukan tara marasa lafiya, su raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗayan kuwa a ba su abu mai kama da shi wanda ba kome a ciki. Mai ciwo bai san wanda aka ba shi ba, likitan da ke dubansa ma bai sani ba, sai an gama a ƙirga.

Haka aka yi da wata muguwar farfaɗiya mai kama yara tun suna goye, wadda ake kira ciwon Dravet. An ɗauki yara 120, an gwada su mako 14, aka buga sakamakon a 2017. Waɗanda aka ba man CBD, faɗuwarsu ta ragu daga wajen sau 12 a wata zuwa wajen sau 6. Waɗanda aka ba na wofi, daga wajen 15 zuwa 14 kaɗai. Uwar da ta kwana tana riƙe da ɗanta yana shure-shure ta san darajar wannan ragi. Amma masu binciken ba su ɓoye sauran labarin ba. Yara da dama sun yi zawo, da amai, da yawan barci, waɗansu kuma awon jini ya nuna hantarsu ta taɓu. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wannan magani, sunansa Epidiolex. Tun 1985 ma ta riga ta yarda da wata ƙwaya mai THC domin tsai da amai ga masu shan maganin ciwon daji.

Ashe yaron bai yi ƙarya ɗungum ba.

Shaidar da ke wajen uban

A nan ba a iya jefa ƙuri'a, gama ba likitan kirki da zai tara samari ya ce rabinsu su yi ta busa wiwi shekara goma domin a ga abin da zai same su. Sai dai a bi mutane da kallo shekara da shekaru.

A ƙasar Suwidin an tambayi samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja wajen 1969 da 1970, aka bi labarinsu shekara 15, aka buga a 1987. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka marasa sha har sau shida wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani, irin wanda mutum kan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba. Da aka yi lissafin waɗansu dalilai, hatsarin ya ragu, amma bai ɓace ba. A 2019 wani bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba wajen sau uku a wannan hatsari, mai shan irin nan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar.

A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara 1,037 tun daga haihuwarsu a 1972 da 1973. A 2012 aka ba da labari cewa waɗanda suka fara tun suna samari, suka kuma nace, kaifin basirarsu ya ragu sa'ad da suka kai shekara 38. Waɗansu masana da suka gwada tagwaye sun yi gardama, sun ce watakila halin gida da talauci suna da hannu a ciki. Mun faɗi wannan ma, domin yana cikin labarin.

A 2017 babbar majalisar masana ta Amurka ta duba rubuce-rubuce fiye da 10,000. Ta sami ƙaƙƙarfar shaida cewa ana samun sauƙin ciwo mai daɗewa ga manya. Ta kuma sami ƙaƙƙarfar shaida cewa shan wiwi yana tafiya tare da taɓin hankali, da hatsarin mota, da tari mai majina mai daɗewa, da haihuwar jariri marar nauyi in uwa ta sha da ciki. An kuma kimanta cewa cikin mutum goma da suka sha, wajen ɗaya yakan kamu har ya kasa bari, cikin masu farawa da ƙuruciya kuwa wajen ɗaya cikin shida.

Ashe uban ma bai yi ƙarya ɗungum ba. Kuskurensa yana cikin kalma guda, watau "duk". Yawancin samarin nan na Suwidin da suka sha ba su haukace ba.

Mudun da aka tauye

Mun san mai awo a kasuwa wanda yakan buga gindin mudunsa ya lotsa. Hatsin da ya zuba maka na gaske ne, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Duk da haka ya cuce ka, domin ya ba ka kashi ya ce duka ne. Haka rabin gaskiya take. Kowace kalma a cikinta tana iya zama daidai, mai ji kuwa ya tafi da ƙarya a kansa. Tun muna yara aka hore mu a kan shaidar zur, mukan kuwa manta cewa mai shaida yana iya yin zur da abin da ya ƙi faɗi.

Wani zai ce, "Ba gara a tsorata yaro ya tsira ba? Ai uwa takan ce akwai dodo a rijiya domin kada ɗanta ya leƙa." Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma dodon rijiya na ɗan shekara uku ne. Saurayi mai shekara 17 yana da ido, yana da abokai, yana da waya a aljihu. Ran da ya gane an ƙara gishiri, ba zancen wiwi kaɗai zai zubar ba, zai zubar da maganar ubansa gaba ɗaya. Gobe in aka gargaɗe shi a kan ƙwaya mai kisa, sai ya ce irin na jiya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙauna ce ta haƙa shi.

Akwai wata hasara kuma. In mun ce duk mai sha mahaukaci ne, yaron da abin ya kama, yana so ya bari ya kasa, zai ɓuya mana domin kunya, ba za ya zo a kai shi asibiti ba. Ba kuwa mutum ɗaya ko biyu muke zance ba. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ta kimanta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi cikin shekara guda. Waɗansunsu 'ya'yanmu ne.

Ku kuma samari, rabin da kuka riƙe ya fi na iyayenku hatsari, gama shi ne rabin da rai yake so. Man da aka ba yaran nan an tace shi, an auna shi bisa nauyin kowane yaro, likita yana duban jininsu, ba ya kuwa sa maye. Abin da ake naɗewa a takarda a bayan tasha ba wanda ya auna shi. A Amurka an gwada wadda aka kama, an ga ƙarfin THC ya tashi daga wajen kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa wajen 12 a 2014. Askar wanzami tana yin aiki mai kyau, amma wannan bai sa a miƙa ta ga kowane yaro ya yi wasa ba. Gaskiya ne a watan Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga jerin da ya fi kowane tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, domin a sami hanyar bincike da magani. Amma ta bar ta cikin abubuwan da doka ke tsarewa, a Nijeriya kuma dokar ƙasa ta hana. Wanda ya ba ku labarin farko ya bar na biyu, ku tambayi kanku abin da yake sayarwa.

Amsarmu ke nan: nufin kirki ba ya cika mudun da aka tauye. Gaskiya cikakkiya ta isa gargaɗi, ba ta bukatar ƙari. Da uban nan ya ce, "Ɗana, na sani ana fitar da magani daga ganyen nan, na kuma sani ba duk mai sha ke haukacewa ba. Amma cikin masu farawa a shekarunka, wajen ɗaya cikin shida ba ya iya bari, ba kuwa wanda ya san ko wane ne sai abin ya faru. In an ce maka cikin kwalekwale shida ɗaya yana yoyo, za ka shiga ba dalili? In kuwa ya riga ya kama ka, faɗa mini, mu je wurin likita tare." Wannan magana yaron ba shi da abin da zai ƙaryata a cikinta, ƙofar zaure kuma ta zauna a buɗe.

'Yan'uwa, mu auna maganarmu kamar yadda muke so a auna mana hatsi, ga 'ya'yanmu da ga kowa.